Family Guy Volume 6: kwalin faifan da yajin aikin marubuta ya gutsure

Duk wanda ya sayi wannan kwalin da zaton zango na shida ne cikakke na Family Guy, katun ɗin barkwanci na talabijin ɗin Amurka, sai ya buɗe zai ga ba haka ba ne. Kamfanin 20th Century Fox ya fitar da shi a Amurka ranar 21 ga Oktoba 2008, faifan DVD uku ne a ciki, ɗauke da kashi 12, kowanne kimanin minti 22. Biyar na farko ragowar zango na biyar ne, daga No Meals on Wheels zuwa Meet the Quagmires. Bakwai ne kawai daga zango na shida: Movin' Out, Believe It or Not Joe's Walking on Air, Stewie Kills Lois, Lois Kills Stewie, Padre de Familia, Peter's Daughter da McStroke. Kashin da ya buɗe zangon, Blue Harvest, mai tsawon kashi biyu, babu shi a nan, an ware shi an sayar shi kaɗai tun Janairun 2008. Huɗun da suka rufe zangon kuma sai a Volume 7 na Yunin 2009. Wato mai son zango na shida a hannunsa sai ya sayi abu uku, alhali zangon gaba ɗaya kashi 12 ne.

Akwai wani ruɗanin a kan wannan. Kwalin da Amurka ta kira Volume 6, a Birtaniya Season 7 aka rubuta a bayansa. Mai saye daga kasuwar gwanjo ta intanet ya manta da lambar da ke jikin kwali, ya karanta sunayen kashin da ke ciki. Idan ya ga McStroke a ƙarshen jerin, shi ne.

Kafin a je ko'ina, wannan ba katun ɗin yara ba ne. Zane ne, amma na manya: batsa, ashar, ba'a ga addinai da ƙabilu, da tashin hankali. A talabijin ɗin Amurka ana toshe wasu kalmomi da ƙara, a faifan kuwa an sake su, har da ƙarin wuraren da tashar ta yanke. Gidan da ake barin yara da rimot, a ɓoye kwalin, ko kuma kada ma a shigo da shi.

Abin da ya sa kwalin ya cancanci a yi magana a kansa shi ne lokacin da kashin cikinsa suka fita. Ranar Lahadi 4 ga Nuwamba 2007 aka nuna Stewie Kills Lois a tashar Fox. Washegari Litinin, 5 ga wata, marubutan fim da talabijin kusan dubu 12 na ƙungiyar marubutan Amurka, WGA, suka ajiye alƙalami, kuma ba su dawo ba sai da aka janye yajin ranar 12 ga Fabrairu 2008, kwana ɗari cif. Rigimarsu da gamayyar kamfanoni ta AMPTP ta ta'allaƙa ne a kan abu uku: kason marubuci daga cinikin DVD, kasonsa daga abin da ake kallo ko saukewa ta intanet, da neman a sa marubutan katun da na shirye-shiryen gasa a ƙarƙashin ƙungiyar. Seth MacFarlane, wanda ya ƙirƙiri shirin, ɗan ƙungiya ne, ya fita tare da marubutansa. Lois Kills Stewie, wanda aka nuna ranar 11 ga Nuwamba, shi ne na ƙarshe da aka kammala da hannunsa a ciki kafin yajin.

Mutane da yawa sun ɗauka yajin marubuta ba ya taɓa katun da wuri, tunda ana rubuta labarin tun kusan shekara guda kafin a nuna. Rabin gaskiya ce. Sai an san yadda ake haɗa kashi ɗaya kafin a gane inda ciwon yake.

Marubuci ɗaya ke kawo daftarin farko, sannan a zauna a ɗakin marubuta a bi shi layi-layi, ana cire barkwancin da bai yi ba ana sa wani. Daga nan masu murya su zauna a teburi su karanta shi a bayyane, duk inda ɗaki ya yi tsit a yi masa alama a sake rubutawa. Sai a ɗauki muryoyi. Masu zane a Los Angeles su zayyana labarin hoto-hoto, a jera hotunan a kan muryoyin, a sami wani fim na gwaji baƙi da fari mai motsi kaɗan. Marubuta su kalla, su sake gyara. Wannan gyaran ne mafi arha, domin ba a riga an kashe kuɗin cikakken zane ba. Bayan haka a tura aikin Koriya ta Kudu, inda ake zana motsin a sa launi, abin da ke cin watanni. Idan ya dawo da launi, marubuta su sake kallo, su sake gyara a karo na uku. A wannan matakin hannunsu a ɗaure yake: ba a son sake zana fage gaba ɗaya, don haka sabon layin dole ya dace da motsin leɓen da aka riga aka zana, ko a ɗora shi a lokacin da mai maganar ya juya baya ko ba ya cikin hoto. Sai a kira mai murya ya maimaita layin, a sa kiɗan da Walter Murphy ko Ron Jones suka tsara, a daidaita sauti, a rage tsawo ya zauna daidai da lokacin tasha. Daga daftari zuwa allo, wata tara zuwa shekara.

To ka ga akwai rubutu a farko, akwai a tsakiya, akwai a ƙarshe. Yajin aiki yana tsayar da ukun a rana ɗaya. Kashin da ke Koriya zai dawo ya tarar babu mai yi masa gyaran ƙarshe, wanda ke matakin gwaji zai tsaya cak, wanda ba a fara ba kuwa babu shi ke nan. A Family Guy abin ya fi muni saboda dalili biyu. Na farko, tsarin barkwancinsa na yanke labari ne a faɗa wani ɗan wasa na daƙiƙa goma ko ashirin a dawo. Irin waɗannan guntayen ba su da alaƙa da labarin, don haka su ne aka fi cirewa da musanyawa a gyaran ƙarshe. Na biyu, MacFarlane shi ne muryar manyan taurarin shirin: shi ne Peter, shi ne Stewie, shi ne Brian, shi ne Quagmire. Ko da kamfani ya sami wanda zai rubuta sabon layi a ɓoye, babu bakin da zai faɗe shi.

Fox bai jira ba. Ya ɗauki kashin da suka kusa kammaluwa ya ƙarasa su ba tare da amincewar MacFarlane ta ƙarshe ba, shi kuma ya fito fili ya yi tir da hakan da kalmomin da ba za a maimaita a nan ba. Doka tana bayan kamfanin, shirin mallakarsa ne. Padre de Familia ne ya fara fita ta wannan hanya, ranar 18 ga Nuwamba 2007. Peter's Daughter ya biyo ranar 25 ga wata. Sai aka yi shiru, ana ta maimaita tsofaffi, har 13 ga Janairu 2008 da McStroke ya fita. Waɗannan ukun su ne ƙarshen kwalin, kuma su ne dalilin da zai sa mai sha'awar sana'ar ya saye shi.

Shin ana ganin tabon yajin a jikinsu? Ba yadda ake zuzutawa ba. Babu hoton da bai da launi, babu bakin da ke motsi ba murya. Kamar riga ce da aka karɓo daga tela kafin gwajin ƙarshe: ɗinki ya kammala, ana iya sawa a fita, sai wanda ya san jikin mai ita ne zai ce kafaɗa ta ɗan sauka. Padre de Familia yana da labari mai ƙarfi a takarda. Peter ya zama mai tsananin ƙin baƙin haure, sai ya gano shi kansa a Meziko aka haife shi, ya rasa aiki, ya koma ƙwadago a gidan surukinsa Carter. Kaso biyu cikin uku na farkon labarin suna tafiya, na ƙarshen ne ke zubewa, an warware matsalar da gaggawa kamar ana korar labarin. Peter's Daughter ya fi shi rauni a babban labarin, na Meg, 'yar Peter, da likitan da take so, amma ƙaramin labarin Stewie da Brian da suka sayi ruɓaɓɓen gida don su gyara su sayar ya ɗauke nauyin. McStroke ne ya fi su daidaito: Peter ya tsayar da gashin baki, ya ɗirki hambaga har ya sami shanyewar ɓarin jiki, Stewie kuma ya shiga makarantar sakandare don ya nuna samun farin jini ba wuya. Yana da saurin da sauran biyun suka rasa.

Sai dai a yi adalci. Duk laifin da aka lissafa a sama, rufe labari da gaggawa da barkwancin da aka ja ya yi tsawo, akwai shi a kashin zango na biyar da ke faifan farko, waɗanda aka gama lafiya lau watanni kafin yajin. Boys Do Cry ma haka yake jan ƙafa. Don haka wanda ya nuna wani wuri a Padre de Familia ya ce nan ne yajin ya ɓata, ra'ayi yake faɗa. Abin da kwalin ke ba ka shi ne damar gwadawa da kanka. Ka kalli Stewie Kills Lois da Lois Kills Stewie a jere, labari ɗaya ne mai kashi biyu da aka shirya don bikin cika kashi ɗari, an tace shi sosai, kiɗan ya cika, kowane fage yana tura na gaba. Su ne mafi kyau a kwalin nesa ba kusa ba. Ka shiga ukun ƙarshe nan take. Bambancin da za ka ji shi ne iyakar abin da za a iya ɗora wa yajin, kuma ko shi wani ɓangarensa na bambancin kashin biki da kashin yau da kullum ne.

Ɓarnar gaske tana cikin abin da babu. Kowane kashi yana da lambar aiki da ke fitowa a ƙarshen sunayen ma'aikata, kuma duk kashin wannan kwalin suna ɗauke da 5ACX, wato zagayen aiki na biyar, waɗanda aka rubuta tun kafin a fara maganar yaji. McStroke ma 5ACX19 ne, ya riga Padre de Familia da Peter's Daughter a layin aiki duk da ya fita bayansu. Da rumbun 5ACX ya ƙare, sai aka koma kan zagaye na shida, wanda yajin ya kama a tsakiya. Huɗu kacal aka iya fitarwa daga cikinsa kafin zangon ya rufe ranar 4 ga Mayu 2008, kuma tsakanin 2 ga Maris da 27 ga Afrilu babu sabon kashi ko ɗaya. Lissafin ya nuna kansa: zango na biyar kashi 18, na shida 12, na bakwai 16, sai a na takwas aka koma 21. Yajin wata uku da 'yan kwanaki, amma sai da ya ci zango biyu. Haka katun yake, ramin da aka haƙa a ɗakin marubuta yau, sai bayan watanni mai kallo zai faɗa ciki.

Maƙwabtansa na daren Lahadi a Fox ba su sha wuya iri ɗaya ba. The Simpsons ya sauko daga kashi 22 zuwa 20 ne kawai a zangonsa na 19, saboda yana da tanadi mai zurfi a layin aiki. American Dad, wanda shi ma MacFarlane ke cikinsa, ya fitar da 16. The Simpsons da Family Guy da King of the Hill da Futurama suna cikin 'yan tsirarun da suka shiga ƙarƙashin WGA tun 1998, American Dad kuma ya bi sahu daga baya. Galibin marubutan katun na Amurka, musamman na shirye-shiryen yara, suna wata ƙungiya ce daban, Animation Guild, reshe na 839 na babbar ƙungiyar ma'aikatan fim ta IATSE, wasu kuma ba su da ƙungiya ko ɗaya. Su ba su shiga yajin ba, shi ya sa yaro mai kallon katun da safe bai ga wani canji ba. South Park, wanda ba na WGA ba ne kuma ake haɗa kashinsa cikin kwana shida, har ba'a ya yi wa yajin a kashin Canada on Strike na Afrilun 2008. Abin takaicin ga marubutan katun shi ne shugaban reshen WGA na yammacin Amurka a lokacin, Patric Verrone, nasu ne, marubucin Futurama ne, amma a Janairun 2008 ƙungiyar ta janye buƙatar shigar da su don a samu a koma teburin sulhu. Da su aka yi ciniki.

Maganar DVD kuwa tun a jajibirin yajin aka janye ta, kuma tana da daɗin sani ga wanda ke riƙe da wannan kwali. Tsarin da aka gada daga zamanin kaset na shekarun 1980 yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari ne kawai na kuɗin da mai rarrabawa ya samu, sannan a ba marubuta kashi 1.5 zuwa 1.8 daga cikin wannan. Idan aka buga, kashi 0.3 zuwa 0.36 ke nan na ainihin cinikin, abin da ƙungiyar ta ƙiyasta da kimanin senti huɗu a kan kowane faifai. Sun nemi a ninka ya zama takwas, ba su samu ba. Kuma Family Guy shi ne shirin da DVD ya tayar daga kabari: Fox ya soke shi a 2002, kwalin farko da ya fita a 2003 ya sayar da fiye da miliyan biyu, maimaicinsa a Adult Swim, sashen katun na manya da ake nunawa da dare, ya ja masu kallo, kamfanin ya dawo da shi a 2005. Abin da marubuta suka ci a yajin shi ne intanet, inda suka sami hurumi da kaso a kan abin da ake kallo da saukewa. A 2008 wasu na ganin sun saki reshe sun kama ganye. Da cinikin faifai ya faɗi kallon intanet ya mamaye, sai aka ga su ne suka hango nesa.

Ta fuskar inganci, hoton mai kusurwa huɗu ne na tsohuwar talabijin, 4:3, domin shirin bai koma faffaɗan allo ba sai zango na tara a 2010. A talabijin ta zamani za ka ga baƙin gefe hagu da dama, kuma haka ya kamata. Kada a matsa maɓallin da ke shimfiɗa hoto ya cika allo, yana kumbura fuskoki, wanda ke zuƙowa kuma yana yanke sama da ƙasa. Launin katun shimfiɗaɗɗe ne, don haka DVD yana ɗaukarsa da kyau, amma a allon da ya wuce inci 40 za a ga layukan zane suna ɗan tsinkewa kamar haƙoran zarto idan kyamara ta motsa. Na'urar da ke da mafitar HDMI tana rage wannan ƙwarai a kan wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari. Sauti ba shi da matsala, magana tana fita sarai, kuma kiɗan cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ce ta gaske, abin da shirin bai taɓa yin rowa a kai ba.

Sai batun yanki, wanda ke kayar da masu saye. Kwalin Amurka na yanki na 1 ne, tsarin NTSC mai layi 480. Na Birtaniya yanki na 2 ne, tsarin PAL mai layi 576. Najeriya da Nijar da Ghana suna yanki na 5. Yawancin ƙananan na'urorin DVD da ke kasuwanninmu ba sa duba yanki, suna karanta kowanne, amma na manyan kamfanoni da na'urorin wasan bidiyo suna dubawa, su ƙi. Kwamfuta kuma takan ba ka damar canza yankin mazubin faifanta sau biyar kawai, daga nan ya kulle a kan na ƙarshe. Kada a yi ta canzawa. A gwada manhajar VLC tukuna, sau da yawa tana buɗe faifan ba tare da an taɓa yankin ba. Idan akwai zaɓi tsakanin kwalin biyu, na Amurka ya fi ga mai kula da murya, domin mayar da fim zuwa PAL yakan ƙara masa sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari.

Kayan ƙari su ne suka ɗaga darajar kwalin: sharhin baki na marubuta da daraktoci a kan kashin, wuraren da aka yanke, da shirin musamman na cika kashi ɗari. Wuraren da aka yanke ɗin sun fi komai amfani ga mai koyon rubutun barkwanci ko zane mai motsi, domin a nan ake ganin abin da ɗakin marubuta ya zubar da kuma dalilin zubarwar, yawanci tsawo ko maimaita dariyar da aka riga aka ci. Wannan ne kuma hanyar gane jabu. Faifai ɗaya da aka cusa wa zango uku ko huɗu ba zai taɓa ɗauke da sharhin baki ba, an matse hoton har launi yana yin dabbare-dabbare, kuma sau da yawa kwafin talabijin ne mai tambarin tasha a kusurwa. Na asali faifai uku ne, kowanne da hotonsa a bugawa, da jerin zaɓi mai aiki. Idan na gwanjo ne a juya bayan kowane faifai a haske. Karcen da ya bi da'ira ya fi wanda ya ratsa daga tsakiya zuwa gefe illa, saboda yana bin layin bayanan ne yana shafe su a jere.

Wanda kallo kawai yake so, ba sharhi ba, manhajojin kallo sun fi masa sauƙi, domin a can an jera zangon yadda aka nuna shi, Blue Harvest a farko, Long John Peter a ƙarshe. A Amurka Hulu ke da shi, a Birtaniya Disney+. Amma da Disney+ ya shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin nahiyar ya shiga, ban da Najeriya da Nijar. A jerin manhajar ma ana iya ganin tarihi ya maimaita kansa: a yajin 2023, wanda ya ɗauki kwana 148 daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, MacFarlane ya sake ajiye aiki, zango na 22 ya tsaya a kashi 15, na 23 kuma bai fara a Fox ba sai Fabrairun 2025.

Hukuncinmu: a matsayin nishaɗi zalla, kwalin matsakaici ne, kashi biyu masu kyau ƙwarai, uku ko huɗu masu daɗi, sauran na cike gurbi. Yadda Fox ya yayyanka zango mai kashi 12 gida uku kuwa cin kuɗin mai saye ne, babu wani suna da za a ba shi. Ga ɗalibin fim, marubuci, ko mai zane da ke son ganin inda hannun marubuci ke shiga aikin katun, ya cancanci kuɗinsa a farashin gwanjo. A haɗa shi da Volume 7 idan an samu su tare, domin kashi huɗun farko na can su ne ragowar zangon, kuma su ne na farko daga zagayen 6ACX da yajin ya tsayar a hanya.